Uwar Kanari Ba Ta Kallon Sheƙa

A hannun kakata na tashi, a wani ɗan ƙauye kusa da Mallawa wanda ko motar kasuwa ba ta san da zamansa ba. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka ana yaye ni aka miƙa ni ga Iya, wadda ta haifi mahaifiyata. Iyayena suna Magariya, inda Baba yake ɗinki a bakin tasha. Inna takan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma duk zuwanta sai na kwana da ɓacin rai. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In tana son buta sai ta dubi bango ta ce a gaya wa waccan ta kawo ruwa. Ƙanena Sani kuwa yana kan cinyarta, sunansa ba ya sauka daga bakinta. Manya sun san kunyar ɗan fari ce, har yaba mata suke yi da kawaici. Ni kuwa yarinya ce, abin da na sani kawai matar nan ba ta ƙaunata.

Shekarar da ruwa ya dawo bayan babban farin nan da ya cinye mana shanu, gero ya yi kyau har tsofaffi suna kuka a gona. Da kaka, bayan sallar lisha, Iya takan hura wuta a tsakar gida mu gasa tumu, yaran maƙwabta su cika tabarma. Ba ta da haƙori ko ɗaya a gaba, amma tumu bai taɓa gagararta ba, kuma ba ta fara tatsuniya sai ta ci rabonta da na wanda ya yi gyangyaɗi. A wannan kakar Inna ta zo taya girbi, ta zo kuma da saƙon Baba: in an gama yankan gero za ta tafi da ni Magariya a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Na ce wa Iya ko a ɗaure ba zan bi matar da ba ta san sunana ba. Ta ce to, ta ji, in miƙo mata gishiri.

A bayan rumbunmu akwai wata aduwa, a nan kanari suka yi sheƙa, 'yar ƙarama kamar ƙoƙon shan magani. Tun ƙwai nake bibiyarsu. Namijin yana saman reshe yana zuba waƙa tun asuba, ba ya gajiya, ba ya maimaita ta iri ɗaya. Da aka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka fito tsirara, duk jikinsu baki ne. Nakan tsaya a gindin aduwar in ɗaga kai. Uwar ta zo da abinci a baki, ta sauka nesa a kan darni, ta juya wa sheƙar baya. 'Ya'yan suna tsiwa, suna miƙo wuya, ita tana gyaran fiffike kamar ba nata ba. Har wuyana ya gaji ban ga ta ba su komai ba. Da yamma na kai ƙararta wurin Iya, na ɗaga murya yadda Inna da ke tsinkar gyaɗa a bakin madafa za ta ji, na ce ashe har a cikin tsuntsaye akwai muguwar uwa.

Daren nan Iya ta ture itace cikin wuta, ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, da ƙafarta ta zo." Muka ce ta shigo, akwai tabarma. Inna tana can inda hasken wuta ya ƙare, Sani yana barci a bayanta.

Wai a zamanin da, babu uwa mai alfahari da 'ya'ya kamar kanari. Da ta samu ɗanta na fari sai ta hau kan sheƙa ta raɗa masa suna, ta sa sunan a waƙa. Safe da yamma tana rerawa: ga ɗana wane, ga inda yake kwance, ga kyan idonsa. Duk dajin ya haddace waƙar. Shirwa ma ta haddace. Ran nan kanari ta tafi neman tsaba, shirwa ta zo ta rera waƙar nan daidai, ɗan ya ji sunansa ya leƙo. Uwar ta dawo ta tarar da sheƙa wayam. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta tafi wurin hawainiya, wadda ba ta taka ƙasa sai ta yi shawara da ƙafarta. Hawainiya ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma.

A nan Iya takan shaƙe murya. "Ta ce, ke kanari, abin da baki ya yaba, ido zai nema. Ki yi wa ruwa waƙa, ki yi wa gero, ki yi wa iska. Abin da kika fi so kuwa ki bar shi a ciki. In da ido a wurin, ki ba shi baya."

Tun daga ranar, in ji Iya, kanari take yi wa komai na duniya waƙa ban da abu ɗaya, shi ya sa waƙar ba ta ƙarewa, kewaye take yi. Ta karkaɗe zanenta ta ce ƙurunƙus, wuta ta cinye itacenta, kowa ya nemi makwanci. Na ce ai ƙarya ce, tsuntsuwar rowa ce da ita. Iya ta ce gobe in daina tsayawa a kanta kamar mai karɓar haraji, in kwanta a bayan zana in leƙa ta kafa.

Na yi yadda ta ce. Ban daɗe da ɓuya ba uwar ta dubi hagu da dama, ta faɗa cikin ganye ta wani gefe, ta ɓullo a bakin sheƙa. Ta bi bakunan nan ɗaya bayan ɗaya tana ɗura musu, ta ɗauke kashinsu ta kai nesa, ta dawo ta buɗe fiffike ta tare musu rana. Na motsa ƙafa kaɗan, zana ta yi ƙara, sai ga ta a kan darni ta juya baya.

A hanyar komawa na taka ƙayar aduwa, ta karye a diddigena. Kowa yana gona. Na shiga ɗakin Iya na kwanta, ina jin zugi, sai na ji tafiyar Inna, ta dawo ɗaukar fura. Ban san abin da ya sa ba, na juya fuska ga bango na rufe ido. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana saurare. Sannan ta shigo ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ta zare allura daga ɗankwalinta ta cire ƙayar a hankali, tana hura wurin da bakinta. Ta shafa mini man shanu a faso. Ta zagaye damtsena da yatsu biyu tana auna ramar da fari ya bar mini. Daga nan ta sunkuyo ta sa hancinta a cikin kitsona, ta tsaya a haka. Can aka yi sallama a zaure. Kafin a amsa ta miƙe, ta fita tana cewa wannan yarinya ta Iya raguwa ce, barci da rana tsaka ana girbi.

Da aka ɗaure dammunan ƙarshe na bi ta Magariya, ba a ɗaure ba.

Na girma, na yi aikin koyarwa, na haifi nawa. Ɗana na fari da sunansa nake kiransa a gaban kowa, don ban manta kwanakin da na yi ina zaton an ƙi ni ba, kuma ba zan ce al'adar nan ba ta da ciwo ba. Amma na daina yi wa matan zamanin su Inna hukunci da abin da suka yi a gaban mutane. Sun binne 'ya'ya da yawa, sun koyi tsoron baki da ido, suka ɓoye son inda suke ganin ba za a kai gare shi ba. Yaron da aka ɓoye wa shi yake biya, uwar ma tana biya, sai dai ita ba ta da wanda za ta kai wa ƙara.

Da Inna ta tsufa ta kwanta ciwo, ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi masu dubiya suka watse, ina shafa mata mai a ƙafa, na ce mata na san wata yarinya a ƙauyen Iya da aka taɓa cire wa ƙaya tana barci. Ba ta ɗauke ido daga bango ba.

"Yarinyar nan ba ta iya barcin ƙarya ba," in ji ta. "Mai barci ba ya ɗauke numfashi."

Na tambaye ta, tunda ta sani, me ya sa ba ta yi magana ba.

"Ta rufe ido don ni. In na yi magana ai na kunyata mu duka."

Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni kuma ban sake jiran ta kira ba.