Hannuna Aka Ɗora, Ba Wanda Ya Duba Kaina

Shekaru na yi ban ta da maganar nan ba, ko a gida. Abokan karatuna sun sha tambayar abin da ya sa na girme su a aji. Yau zan faɗa.

Ina ƙaramar sakandare aka rufe makarantu saboda korona. A Aliero wannan ba hutu ba ne. Albasa na ruɓewa a rumbu, manyan motoci ba kullum suke samun hanya ba. Ranar da ɗaya ta shigo, kowane gida yaransa yake turawa lodi. Ni aka hau da ni can saman motar ina gyara buhuna, don ba ni da nauyi.

Buhu ya zame, na bi shi.

Ban san saukata ba. Na farfaɗo ina kallon ƙafafun mutane, hannuna na hagu a lanƙwashe.

Kowa ya san garinmu da ɗori, daga nesa ake kawo mana karaya. Nan da nan aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja hannun, ya jera karare, ya ɗaure. Ba ni da abin cewa a kansa. Hannu aka kai masa, hannu ya duba.

A hanyar gida na yi amai. Washegari na sake. Kaina kamar ana daka a ciki, haske na sukar idona. Na gaya wa Inna, mahaifiyata. Sai da ta saki labule kafin ta amsa.

"Kul ka faɗa ma kowa! Ciwon kai da amai? Cewa za su yi korona ta, su kai ka inda ko ni ba ni ganin ka."

Baba ya shafa kaina, ya duba tafinsa. "Babu jini, babu kumburi. Wanga kai lahiya lau shi ke."

Ba a ma kwance ɗorin ba na koma tsince albasa a rana da hannu ɗaya.

Da aka buɗe makarantu abin ya fito fili. Layuka na rawa a takarda. In na kai ƙarshen jimla, farkonta ya ɓace mini. Malamin da ke sa ni karanta wa aji jarida shi ya fara zane ni, wai zaman gida ya lalata ni. Yara suka raɗa mini suna Mantau. Na faɗi jarrabawa, aka ce in maimaita aji.

Baba ya yanke hukunci: "In boko ya ishe ka, gona tana nan."

A makon ne Gwaggo Hajo, ƙanwarsa da ke aure a Jega, ta zo gaisuwa. Ta same ni a ɗaka da tsakar rana, na ɗaure idona da ɗankwalin Inna.

"Yaya, yaron da ko takardar ƙosai sai ya karanta kahin ya yar, shi kaka ce ma malalaci? Ba ni shi."

Akuyarta ta sayar. Asibiti a Jega, layin kati, takunkumi a fuska, sai aka tura mu Birnin Kebbi hoton kai. Da suka kwantar da ni za su tura ni cikin na'urar, tsorona ɗaya: kada ta ce ba komai, ya tabbata ni ne malalacin.

Likitan ya tambayi lokacin da na faɗi. Da Gwaggo ta gaya masa, ya ajiye bironsa.

"Hoton bai nuna jini ba, mu gode Allah. Amma ba komai hoto ke gani ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Maganinta na farko hutu ne, ita kuma rana ta samu da bulala."

Babu wanda ya killace ni. Babu ma wanda ya ambaci korona.

Na yi watanni a gidan Gwaggo: magani, barci, tabarau, karatu kaɗan-kaɗan. In kai ya fara sara, in rufe littafin. Sannu a hankali layuka suka daina rawa. Yanzu aikin jarida nake karantawa, sai dai har yau hayaniyar kasuwa kan tayar mini da ciwon.

Na gode wa Allah. Na gode wa Gwaggo Hajo, wadda ta yarda da ni tun ba ta da hujja, da likitan da ya saurare ni.

Iyaye, in yaro ya bugu a kai, ya suma ko ya yi amai, ko haske ya dame shi, ku kai shi asibiti a ranar, ko da ba ɗigon jini. Ku bar shi ya huta. Malamai, in yaro mai ƙoƙari ya sauya, ku tambaye shi ko ya faɗi kafin ku ɗauki bulala.

Baba bai taɓa ta da zancen kaina ba. Amma har gobe in ya yi baƙi sai ya kira ni, ya ɗaga hannuna: "Ku duba ɗorin garinmu! Wa ka gane inda ya karye?"

Nakan miƙa masa. A duk jikina, hannun nan kaɗai aka yarda ya yi ciwo.