Jan Gwada Mai Gyaɗa Kai

Ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In na rufe shagona na gyaran keken ɗinki a wajen Bata, sai na kai bakin titi na dawo na sake jijjiga ƙofa. Tun ina yaro haka nake, shi ya sa ko tatsuniya ba na iya jin ta in bar ta a inda aka ajiye ta.

A unguwar Kwaciri da ke Fagge muka tashi, a gidan kakarmu Dada, uwar mahaifinmu. Daga ƙasar Adamawa aka kawo ta Kano tana amarya, ta tsufa a Fagge, amma har ta rasu Hausarta ba ta rabu da Fulatanci ba. In an yi sallar isha sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura dankali cikin sauran garwashi, mu kuma mu kewaye ta. Yaya, babban wanmu, kullum shi ne a gefen damanta, domin shi take fara miƙa wa dankali. Ni ina can baya ina lura kada zanen wani ya kama wuta.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta bugi gwiwa ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita, Dada."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta yarinya da jan gwada. Wai ruwan farko ya sauka, aka ba wata yarinya ƙwaryar irin gero ta je ta shuka a 'yar gonarsu. A hanya ta ga jan gwada a kan tsohuwar katanga, kansa ja kamar ya naɗa rawani. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kai da kake sama kana hango nesa, akwai ruwan da ya fi wannan a gaba?" Ya gyaɗa kai. "Akwai gonar da ta fi tamu?" Ya gyaɗa kai. "To in jira ka nuna mini?" Ya gyaɗa kai. Dada takan kwaikwayi gyaɗa kan nan har ɗankwalinta ya zame, mu yi ta dariya. Yarinya ta zauna a gindin katanga da ƙwaryarta. Mutane suka shuka, suka yi noma, gero ya yi kai, ita tana nan tana tambaya ana gyaɗa mata. Ranar da aka fara girbi ta buɗe ƙwarya, sai ta tarar ƙwari sun cinye irin, saura dusa.

Sauran yara suka ce a jefi ƙadangare. Ni kuwa sai na matso kusa da ita. Na ce, "Dada, babu wanda ya gaya mata? Ina ubanta?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. Ta ce, "Kai sarkin tsoro, uban yana nan. Yana bayan danga da fartanyarsa, yana jin kunya." Ta kaɗe toka daga hannunta ta ce, "Baƙuwa ta tafi, ku tashi."

Yanzu furfura ta fito mini, kuma tun bara tatsuniyar nan take hana ni sukuni.

Ina da 'yar fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana a gaban manya, ba ya shiga sha'aninsa. Na wansa ne. Ni iyakata firamare, amma yarinyar ta yi jami'a, ta karanta aikin gwajin jini da makamantansa, ta yi bautar ƙasa ta dawo. Tun suna makaranta malamansu suka ce musu kada su raina ƙaramin wuri, su shiga hannunsu ya saba, domin duk inda za a ɗauki ma'aikaci sai an tambayi inda ya taɓa yi. Akwai wata mata a Sabon Gari, Madam Nkechi, mai ɗakin gwaji, wadda yarinyar ta yi koyon aiki a wurinta lokacin karatu. Ita ta aiko a ce mata ta zo ta fara.

Uwarta ta kai maganar wurin Yaya, kamar yadda aka saba. Yaya yanzu Alhaji ne mai shaguna a kasuwar Kwari, mai hoto da manya a bangon falonsa. Ya ce a'a. Wai 'yar gidanmu da digirinta ba za ta je tana wanke kwalabe ba. A kawo masa takardunta, zai yi wa wani magana.

Aka kai. Damina ta wuce, wata ta zo. In uwarta ta je, sai ya ce, "To, to, ana nan ana yi." In ta ce ko an ji wani abu, "To, to, ya kusa." Abin da yake ƙona mini rai, ba yau ya fara ba. Ɗan ƙanwarmu Hajara haka ya jira shi har ya gaji ya kama tuƙin adaidaita sahu. Mutum ba zai ce "ba zan iya ba" ya sake ka ka nemi hanyarka. Ya fi son a gan ka a ƙofarsa kana gaisuwa, a ce Alhaji mai taimakon dangi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, garin nan cike yake da su. Wanda ya ce maka a'a, ranka kawai ya ɓata. Mai gyaɗa kai shekarunka yake ci, kana yi masa godiya.

Ina kallon yarinyar tana ramewa. Ta daina buɗe littattafanta. Farar rigarta ta aiki tana rataye a bayan ƙofa har ta fara yin ja. Ni kuwa ko "sannu" a kan wannan magana al'ada ba ta ba ni bakin faɗa ba.

Ran nan Madam Nkechi ta kawo keken ƙanwarta gyara. Haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta har ta fi tawa kaifi. Ta ce, "Malam Hamidu, wai 'yarka sarauniya ce? Na riƙe mata wuri har ma'aikatana suna yi mini tsegumi. In watan nan ya ƙare, zan ba wani. Hannun da ba ya aiki mantuwa yake yi, ka gaya mata."

Na ce, "Madam, maganar tana wurin yayana."

Ta ce, "Yayanka ne ya haife ta?"

Ranar na ɗaure allurar keke a juye, abin da ban taɓa yi ba. Na yi ta auna zumunci, na auna abin da dangi za su ce, na auna ko Dada za ta yafe mini. Da la'asar na sami kaina a falon Yaya.

Ya ce, "Hamidu, in maganar yarinyar nan ce, ai na ce ana yi. Mutumin ya tafi Umara ne." Yana faɗa yana gyaɗa kai, jar hularsa tana sama tana ƙasa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yaya, Nafisa za ta fara aiki a Sabon Gari ranar Litinin."

Ya ajiye wayarsa. Ya ce, "Wa ka ce?"

"Nafisa. 'Yata."

"Yau kai ne da kiran sunanta a gabana? Kunyar gidanmu ka sayar?"

Na ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. In mutumin ya dawo, zai same ta tana aiki."

Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau, kuma abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Amma kullum da safe Nafisa tana fita da farar rigarta a jaka, ta dawo tana ba uwarta labarin na'urar da aka koya mata.

Nakan tuna Dada ba ta taɓa kiran sunan mahaifinmu ba, domin shi ne ɗanta na fari. Ko wane abu ta gani ya same shi tana bayan danga, ban sani ba, ba ta faɗa ba. Na dai gane ba don mu jefi ƙadangare take ba da labarin ba.

Jiya na ga wani jan gwada a kan katangar bayan shagona. Na ce masa, "Shin Yaya zai huce kuwa?" Ya gyaɗa kai. Na cire takalmina na wurga masa.