Markus, Wanda Ya Mayar wa Rachel Tsagarta

Kowace safiya, kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, Malam Markus yakan buɗe shagonsa na ɗaukar hoto da ke bayan tsohuwar tasha, ya share ƙofa, ya kakkaɓe labulen nan da aka zana wa bene da jirgin sama, sa'an nan ya fito da benci ya zauna. A da, kafin ya ajiye tsintsiya an riga an yi layi: sababbin sojoji cikin kaki, da amare, da ɗaliban da za su rubuta jarrabawa. Yanzu bencin mutum ɗaya yake ɗauka, ko biyu ranar da gwiwata ta yarda na iso. Sana'ar ta koma hannun masu ƙananan kyamarori marasa fim, waɗanda suke miƙa wa mutum hotonsa a wurin biki kafin ya gama cin shinkafa. A ƙarshen wannan shekara ta 2008 zai rufe shagon. Ban ji an kafa kwamitin ban kwana ba, ko da yake Zuru ba ta taɓa ƙarancin kwamiti ba, saboda haka na ga ya dace in ɗauki alƙalami.

Abin da ya yi suna da shi a zamaninsa shi ne fensir. Iyayenmu mata da aka haifa a ƙauyukan kan dutse suna da tsaga a fuska da wuya da baya, wadda aka yi musu tun suna 'yan mata. Da aka shiga makaranta da coci da bariki, sai tsagar ta zama abin jin nauyi. Matar soja ba ta son a ga hotonta a Kaduna a ce mata baƙauyiya. To, sai Markus ya fiƙe fensirinsa, ya bi fim a hankali yana cike tsagar layi bayan layi, har fuska ta fito sumul. Bai tilasta wa kowa ba. Mu muka roƙa, shi kuwa ya iya. Ta haka gari guda ya cika bangon ɗakunansa da dangin da ba su yi kama da kansu ba.

Cikin matan da ya yi wa wannan hidima har da Rachel, matar Saje Dawuda, tsohon soja maƙwabcina. Ta rasu bara waccan. 'Yarsu Keziah tana Turai, kuma matsalar takardu ta hana ta zuwa jana'iza. Sana'ar Keziah sai da aka maimaita mini bayaninta kafin na yarda sana'a ce. Wai akwai wata duniya a cikin kwamfuta inda mutane suke yawo da siffofin da suka ƙera wa kansu, ita kuma tana yi wa siffofin fata da tufafi. Amma ba ta iya haɗa komai sai ta sami hoton abu na gaske: atamfa a shimfiɗe, fata daga kusa, mutum ta gaba da ta gefe da ta baya. Ta yi niyyar ƙera siffar mahaifiyarta, kuma akwai dalilin gaggawa. Likita ya gaya wa Saje cewa idanunsa suna mutuwa, irin mutuwar da ko tiyata ba ta tsayarwa. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ya sake ganin matarsa kafin duhu ya rufe.

Ya tattara hotunanta duka ya aika. Keziah ta bugo waya tana kuka, ta ce wannan mata mai santsin fuska ba ita ta goya ta ba. Ban da haka, dukansu gaba suke kallo, domin ba a taɓa jin wanda ya je wurin mai hoto ya juya masa ƙeya ba.

Ina kan bencin ranar da Saje ya iso yana dogara sanda. Bai ko zauna ba.

"Markus, kai ka goge ta. Kai za ka maido ta."

Markus ya ce, "To, Saje."

Tsofaffin finafinan sun daɗe da zama abincin gara. Amma ya tuna cewa tsohuwar da ta yi wa Rachel tsaga ita ta yi wa ƙanwarta Saloma, iri ɗaya, kuma Saloma tana nan da rai a ƙauyensu. Keziah ta aiko masa da ƙaramar kyamara irin wadda ta kashe masa kasuwa, ta kuma ba shi sharuɗɗa ta waya: kada ya kunna fitilar kyamara, kada inuwa ta faɗo, kada a yi murmushi, kada ya gyara komai. Ya gaya mini cewa na ƙarshen ne ya fi ba shi wahala.

Da yake hasken da babu inuwa sai ranar da hadari ya rufe sama, cikin damina ya hau dutsen, shi kaɗai, da takalmin roba. Hawan farko, yana isa rana ta buɗe, ya juyo. Da ya koma, ya tarar da Saloma tana sussukar dawa. Waɗanda suke wurin sun ce kallo ɗaya ta yi masa ta gane shi.

"A'a, mai fensir! Da muke da kyau ka goge, yanzu da muka yamutse ka hawo kana haki kana nema. Mi ya same ku a gari?"

Ya yi mata bayanin kwamfuta iyakar abin da ya fahimta, wanda ba shi da yawa. Ta ce ba ta gane ko ɗaya ba, sai dai ta gane ɗiyar yayarta tana neman uwarta, kuma wannan ya isa. Ta sa mata biyu suka kare ta da mayafi, ta sassauta ɗaurin ƙirji, ta juya masa baya.

"Ɗauka da sauri, tsoho, kada a ce na yi sabon miji."

Saura atamfa. Wadda Rachel ta fi so da ita aka binne ta. Sai dai anko ce da zumuntar matan coci suka yi shekarun baya, don haka Markus ya bi gidajen matan ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce tata ta zama tsumma, wata ta ce ta bayar. A garin Danko ya samo ragowarta, ta zama labulen ƙofar wata gwauruwa. Ya aro, ya wanke, ya goge, ya shimfiɗa a kan tabarma, ya zauna jiran hadari.

Kai ne, Markus, ka yi wannan yawo da ƙafafun da suka cancanci hutu. Kai ne ka koyi sabuwar na'ura a shekarun da tsaranka suke koyon zama. Rayuwarka duka ka yi ta kana ƙara wa mutane kyau, amma da aka ce ka bar fuska yadda Allah da tsohuwar ƙauye suka yi ta, ka ajiye fensir ba ka yi gardama ba.

Da Kirsimetin bara wani mai dawowa gida ya kawo faifan kwamfuta daga Keziah. Muka kai Saje shagon da ake buga takardu, aka tayar da janareto, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Siffar ta bayyana cikin atamfar anko, da tsagarta a kumatu. A ganina tana tsaye ƙiƙam kamar gunki, amma ba a nemi ra'ayina ba. Saje ya yi ta ƙura ido, har muka fara tsoron ko mun riga mun makara. Sai siffar ta juya, ta soma tafiya, layukan tsaga suka fito daga wuya zuwa kafaɗa.

Wanda bai san golmo ba sai in gaya masa: noman da saurayi yake yi wa surukansa ne shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Duk tsawon lokacin da Saje ya yi nasa noman, Rachel takan kawo kunu bakin gona, ta ajiye, ta juya ta tafi don kunya.

Saje ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ga shi nan," ya ce. "Wannan bayan na yi wa noma."

Ya sa aka yi ta maimaitawa har man janareto ya ƙare. Da muka waiwaya don a yi wa Markus godiya, ba ya bakin ƙofar. Ya koma shagonsa, wai kada wani ya zo bai same shi ba. Babu wanda ya zo. Kafin damina ta sake zagayowa idanun Saje sun rufe gaba ɗaya. In an yi masa jaje, yakan ce ya riga ya ga abin da yake son gani.

Malam Markus yana zaune shi kaɗai a ɗakin da ke bayan shagon. 'Ya'yansa suna Legas. Na bincika, mutumin da ya ɗauki garin nan kaf ba shi da hoton kansa ko ɗaya.

Mun gode, Markus, a madadin Saje, da Keziah, da mu da muka tsufa muka fara kewar fuskokin da muka sa ka goge. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sababbin kyamarori, ku ɗauki tsofaffinku yadda suke, gaba da baya, tun suna nan. Sauran jama'a, shagon yana buɗe har ƙarshen Disamba. Ba sai kuna son hoto ba. Akwai wuri a bencin.