Gawon Gonata

A shekarar da fari ya ƙare dabbobi a Agiye, ina sana'ar sayar da harawa. Wani Bafillatani ya zo mini da saniya ɗaya da ta rage masa, ba ta ko iya tashi sai an ɗaga ta. Harawa ta ƙare, sai na sayar masa da ganyen gawon gonata, na ce ya hau ya sare rassa. Gonar tawa ce, na ɗauka iccen ma nawa ne.

Yana sama ma'aikacin gandun daji ya iso. Ya fizgo ƙafarsa, ya faɗo ƙasa, ya hau dukansa da gindin bindiga.

"Wa ya ba ka iccen gwamnati?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Kakana ya bar mini shi."

Mari ɗaya ya yi mini, haƙorina ya fita. Ya ɗaure Bafillatanin yana aman jini, ya sa aka kwashe rassan. Kwana biyu saniyar ta mutu a gindin gawon.

Bakina bai warke ba na je wurin malamin lakol, wato makarantar boko, na zaunar da shi ya karanta mini dokar daji da Hausa, layi bayan layi.