Ranar da Mai Tiyo Ya Bar Gaɓa

Shekara talatin da 'yan kai yana gyaran injin jirgin ruwa, amma bai taɓa hawa jirgi ba. Mai Tiyo ake ce masa, saboda tiyon fetur da ya rataya reras a rumfarsa ta bakin kogi. Yana ɗan shekara tara ruwa ya ci yayansa, mahaifiyarsu ta sa shi alkawarin ba shi ba kogi. In an kawo inji, sai ya kafa shi a bakin duro cike da ruwa, ya tayar, ya tsaya yana kallon kumfa, har matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, ka isa ƙetaren ko da saura?"

Wata safiya Dogo mai fito, abokinsa tun ƙuruciya, ya zo da ƙorafi: inji na tari, yana mutuwa a tsakiyar ruwa.

"Ciro shi ka kawo."

"Kusoshin sun yi tsatsa, ba ya ciruwa. Jirgin a ɗaure yake, mutumina. Jirgi ɗaure ai ɗaki ne."

Mai Tiyo ya daɗe yana duban igiyar, sannan ya ɗauki wuƙa da filaya da sabon tiyo ya shiga.

Tsohon tiyon ya bushe ya tsattsage, iska yake sha maimakon mai. Ya sassauta zoben ƙarfen da ya matse shi, ya zare shi, ya gwada tsawo, ya yanka sabo. Ya haɗa 'yar robar da ake matsawa mai ya taso, kibiyar da aka zana a jikinta na duban inji. Aiki ya tafi da hankalinsa. Ya ji ana lilo da shi a hankali, ya ɗauka jirin tsufa ne.

Sai da robar ta cika ta yi tauri a tafinsa ya ɗaga kai. Rumfarsa ta koma kamar akwatin ashana. Can ga matarsa tana shanya, ba ta fi ɗan yatsa ba. Gajimare kwance a cikin ruwa, jirgin na ratsa shi shiru. Wani farin tsuntsu na biye da su, ko fiffike ba ya kaɗawa.

"Igiyar ce ta kwance," in ji Dogo, yana kallon wani wajen.

"Da kanta?"

"Ta tsufa."

Mai Tiyo ya lalubi tsoro a ƙirjinsa, bai same shi ba. A ransa ya ce, Inna, kin dai gani, ba ni na kwance ba. Ya tsoma hannu a ruwan, ya ji shi da ɗumi.

Dogo ya miƙe zai tayar da inji.

"Dakata tukuna. Bar shi ya tafi da mu kaɗan."

Sai da hantsi ya dubi ludayi suka juyo, inji ya tashi da ja ɗaya. Matarsa na tsaye a gaɓa riƙe da ƙugu. Kafin ta buɗe baki ya sauko yana tangaɗi, ya ce, "Daga kan ruwa na hango, ashe rufinmu ya karkace ta baya. Samo mini tsani."