Haɗin Zogale da Zoɓo da Ya Kai Ni Gidan Yari

Ni mutumin Kademi ne. A da gyaɗa nake nomawa, in rani ya yi in kafa teburin shayi a tashar Gaya. A lokacin ban taɓa taka ofishin 'yan sanda ba.

Ƙanwata tana karatun kimiyya a Kano. Da ta zo hutu na tarar tana shanya zogale da zoɓo da kanumfari. Ta ce akwai sinadarai a tsirrai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, tana binciken ko ƙarfinsu yana ƙaruwa in an haɗa su. Ta kira su antiyoksidan.

Na ce, "Wato magani ne?"

Ta ce, "A'a, Yaya. A kwalbar gwaji kawai muka gani, ba a jikin mutum ba."

Ban gane bambancin ba, har yau ma ban gama ganewa ba. Sunan dai ya zauna mini.

Da farko a shayi nake zuba haɗin. Da na ga ana so, sai na ɗura a robobi na kai kasuwar Ajingi. Na ce yana wanke jini. Mako na gaba na ce yana maganin hawan jini da ciwon suga. Daga baya na buga takardar rajistar magani ta bogi na manna a robobin, na riƙa daka ƙwayar maganin ciwon jiki a ciki don a ji ya yi aiki.

Wani dattijo daga Balan, malamin Islamiyya mai hawan jini, ya tambaye ni, "Ɗana, in ajiye maganin asibitin?"

Na ce, "Ajiye, Malam."

Bayan 'yan makonni ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa suka kai ni ƙara. Alƙali ya ce, "Ka san ƙarya kake yi?" Takardar ƙarya ce, na sani. Amma haɗin, ni ma ina sha kullum da safe. Aka yanke mini hukuncin ɗauri.

Da na fito daga gidan yari na je Balan neman gafara. Malam ba ya iya magana. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya sauke. Yafiya ce ko kora, ban sani ba. Ina dai ta istigfari.

Matasa, in mai ilimi ya ce muku ba a tabbatar ba, ku tsaya nan. Kada ku taɓa ce wa marar lafiya ya ajiye maganinsa. Ni na faɗa, kuma mutumin yana can kwance.