Kwalaben da Suka Kwantar da Babana

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, lokacin muna cikin jihar Kano, ni saurayi ne mai aikin masinja a wani ofishi a Birnin Kudu. Ina da sabon keke da agogon hannu, kuma ina ji a raina babu abin da ban sani ba. Duk abin da ya zo a kwalba da rubutun Turanci a jiki, a wurina ya fi na gida. Wannan rawar kan nawa ce ta kusa zubar wa mahaifina mutunci a gaban jama'a, shi ya sa na ce bari in rubuto muku.

Babana manomi ne a Fagam, can ƙasar Gwaram. Tun kafin a haife ni, in aka kira gayyar huɗa, shi ke kama kuyyar farko da garmarsa, shi ke fara kai ta bakin gona, masu gangar noma suna bin sa da kirari. Wannan sunan shi ne abin alfaharinsa. Abokin karawarsa taubashinsa ne, wani dattijo daga gidan masu shanu, siriri kamar kara, wanda duk shekara yake tsokanarsa cewa bana sai ya karɓe kuyyar. Da na je gida gab da faɗuwar damina, Baba ya ja ni gefe ya ce ya ba sittin baya, gwiwoyinsa sun fara ƙara, kuma ba ya son ya ga ranar da taubashin nan zai wuce shi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na ce masa ya bar komai a hannuna.

Da na koma Birnin Kudu, ran kasuwa na tarar da wani mai magani da lasifika, yana tallan ruwan ƙarin ƙarfi. A jikin kwalbar akwai hoton wani ƙato mai damatsa. Ya rantse cewa cokali ɗaya ya fi akushin nama. Na sayi kwali guda na hau mota zuwa Fagam. Da a nan na tsaya da sauƙi, amma sai na ƙara da nawa ilimin. Na ce wa Baba ƙarfi tara shi ake yi kamar hatsi a rumbu, don haka kada ya ƙara zuwa gona sai ranar gayya, ya kuma rage tuwo don maganin ya sami wurin zama. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin haka ba, na ce mata ai zamani ne ya canja. Baba kuwa ya ji abin da zaƙi, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ƙannena suka yi shuka da noman fari yana kwance. Kumatunsa suka yi bulɓul, maƙwabta suna cewa ya koma yaro, ni kuma ina ta baza riga.

Ranar gayya na ɗauki hutu na zo kallon nasarata. Ganga ta tashi, Baba ya sunkuya ya fara da zafinsa, har na fara tafi. Bai kai tsakiyar gona ba na ga garmar ta yi masa nauyi, ƙafafunsa suna rawa, numfashi yana sarƙewa. Sai kawai ya zauna daɓas a kan kuyyar. Kiɗa ya tsaya cak. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Taubashinsa, wanda ya riga ya yi gaba, ya waiwayo. Kowa ya zaci zai ƙarasa ya karɓi kirarin da ya daɗe yana nema. Sai ya ɗaga garmarsa ya girgiza, ya ce da ƙarfi ƙotar ta kwance, ya dawo ya zauna kusa da Baba. Ya sa aka miƙo ƙwaryar fura, ya ce su dattawa sun yanke shawarar shan fura, yara su ci gaba da zufa. Gona ta kaure da dariya. Da suka shanye suka miƙe, suka ƙarasa a hankali kafaɗa da kafaɗa, makaɗa suna yi musu kirari tare. Da yamma na duba garmar nan da hannuna, ƙotarta daram take.

Da na kai Baba asibiti, likita ya yi dariya ya ce maganin ba guba ba ne, amma ba ya maye gurbin abinci, kuma naman jikin tsoho zagwanyewa yake in an kwantar da shi. Ya ce ya koma wake da gyaɗa da nono, ya koma aiki kaɗan-kaɗan. Taubashin ya riƙa aiko da nono kowace safiya, da saƙon cewa ga kwalbar gidansu. Inna ta mayar da kwalabena fitilun aci-balbal. Baba ya murmure, amma daga shekarar nan bai ƙara kama kuyyar farko shi kaɗai ba, su biyu suke yi. Har ya rasu, da "Likita" Baba yake kirana.

Yau na wuce shekarun da Baba yake da su a lokacin, 'ya'yana su ma suna kawo mini ƙwayoyi da garin gwangwani. Ina shan wanda likita ya yarda da shi, bayan na ci tuwona, sannan in saɓi fartanya. Ina jan kunnen masu tsofaffi a gida: ku tambayi likita kafin ku ɗura musu komai, kada ku hana su abinci, kada kuma ku kwantar da su da sunan gata. Ni na yi sa'a Babana yana da taubashin da ya yarda ya zauna a ƙasa tare da shi. Ba kowane tsoho ne yake da irinsa ba.